Kaset ɗin kawuna sun tsaya a 1991, wa zan saurara bayan nan?

MaiWalda_Bukoki:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni mai walda ne, rumfata tana Bukoki, ba nisa da kasuwar Katako. Shekarata 44. Abin da ya kawo ni nan wani kwali ne na kaset da na gada wajen kawuna, Allah ya jiƙansa. Direban kamyo ne, ya yi shekara da shekaru yana bin hanyar Kwatano zuwa Yamai, ta Paraku da Malanbil da Gaya. Duk zuwan da ya yi sai ya shiga kasuwar Dantokpa ya sayo kaset ɗaya ko biyu. Da rana Shata da Ɗan Anace yake sawa kamar sauran direbobi. Amma idan dare ya raba, barci ya fara fizgar ido tsakanin Gaya da Doso, sai ya zaro na Turawan nan masu dogon gashi, masu kiɗan rok mai nauyi. Yakan ce ko goro bai kai su korar barci ba.

Ina ɗan shekara 12 na fara bin shi lokacin hutun lakwal. Ban san kalma ko ɗaya ta Ingilishi ba, har yau ma kaɗan nake tsinta, amma daren da na fara jin Black Sabbath a cikin motar nan, gilashi a sauke, daji baƙi ƙirin, sai na ji kamar injin da kiɗan abu ɗaya ne. Tun daga nan abin ya shiga jinina.

Kaset 27 ne a kwalin. Akwai Black Sabbath guda biyu, Deep Purple, Led Zeppelin, Jimi Hendrix, AC/DC, Scorpions har uku, Dire Straits, Iron Maiden. Wasu da bik aka rubuta sunan a jiki, rubutun ya koɗe. Na ƙarshe da ya saya shi ne baƙin nan na Metallica na 1991. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 komai ya yi tsada, kawu ya daina sayen kaset, daga baya ma ya bar hanyar gaba ɗaya. To ni ma a nan na tsaya. Shekara talatin ke nan ina juya abu ɗaya, zaren wasu ya tsinke na liƙe, wasu sun shaƙe da ƙura muryar ta zama kamar ta mai mura. Bara yarona na rumfa ya sauke mini yawancinsu a kart memwar, yanzu a ƙaramar rediyo nake sawa ina aiki.

Yaron nan shi ya tayar mini da hankali. Ya ce maigida, duniya fa ta wuce nan, akwai sababbi. Na ce nuna mini. Abin da ya kunna mini iri biyu ne. Wani ya yi santsi da yawa, ba ƙura ba tsatsa, kamar ƙofar da aka shafe da fenti don a ɓoye walda. Wani kuma mawaƙin gurnani kawai yake yi daga farko har ƙarshe. Ni nauyi nake nema, irin na guduma a kan maƙera, da jitar da za ta yi magana har in bi ta da baki.

Tambayata biyu ce. Bayan 1991, su wa suka riƙe wannan nauyin, waɗanda mutum irina zai iya shiga ta ƙofarsu? Na biyu, mun yi gardama da yaron a kan Mdou Moctar, mai jitar nan ɗan Nijar. Shi ya ce rok ne tsantsa. Ni na ce kiɗan jitar Abzinawa ne na biki, wanda muka saba ji, an dai ƙara masa wuta. Ku raba mana.

Baba_Yantala:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya san abin da yake saye. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, shekarata 69, kuma a garmahon wani abokina na fara jin Hendrix, shekaru kaɗan bayan rasuwarsa a 1970 yana ɗan shekara 27.

Da na ga ka ce kai mai walda ne sai na ce dole in ba ka labarin da ya shafe ka, in ba ka riga ka sani ba. Mai jitar Black Sabbath, Tony Iommi, ɗan sana'arku ne. A Birmingham ta Ingila ya tashi, garin masana'antun ƙarfe, yana aiki a inda ake yankan falle. Yana ɗan shekara 17, a ranar da zai bar aikin ya koma kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, wato da hannun daman yake danna tsirkiya. Aka ce masa kiɗa ya ƙare. Sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya liƙa fata a kai, ya nemi tsirkiya sirara wadda ba za ta yi masa zafi ba. Daga baya, a faifansu na 1971, ya sassauta tsirkiyar ƙasa da yadda kowa ke ɗaurawa, don yatsun su huta. Tsirkiya in ta yi sako-sako muryarta kauri take yi. Nauyin nan da ka ji tsakanin Gaya da Doso, wani ɓangarensa daga raunin ɗan ƙira ya fito. Don haka kunnenka bai yi ƙarya ba da ya haɗa shi da guduma.

Santsin da ka ce ka ji a sababbi kuwa, ina da abin cewa. Faifan farko na Black Sabbath, wanda ya fito a Fabrairun 1970, a yini guda aka ɗauke shi, mutum huɗu a ɗaki suna kallon juna. Mai ganga in ya ɗan yi sauri sai sauran su bi shi, in ya ja baya su ja. Numfashin kiɗan ke nan. Yanzu kowa shi kaɗai yake shiga, kwamfuta ta daidaita kowane bugu ta ajiye shi a layi. Kuskure ya tafi, amma ya tafi da wani abu. Ka sake sauraron Deep Purple a wasan da suka yi a Japan a 1972, za ka ji waƙar da ba ta kai minti biyar ba ta koma kusan minti ashirin, don mai jita da mai ogan, kayan kiɗan nan mai kama da piyano, suna ja-in-ja, ba wanda ya san inda za a tsaya.

Abin da ya sa nake girmama Led Zeppelin ma ke nan. Da mai gangarsu John Bonham ya rasu a 1980, sai suka ce ƙungiya ta ƙare. Sun san bugunsa ba a saye a kasuwa. AC/DC su kuma a shekarar nan suka rasa mawaƙinsu Bon Scott a Fabrairu, suka ɗauki wani, kafin ƙarshen Yuli sun fitar da sabon faifai. Kowa da yadda yake zaman makoki, ban ga laifinsu ba, sai dai zuciyata ta fi karkata ga na farko.

Sababbi zan bar wa yara su faɗa maka. Ni dai na kalli wasan ban kwana na Black Sabbath a telefon ɗin jikana, wanda aka yi a filin ƙwallon Aston Villa ranar 5 ga Yulin 2025. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune a kujera ya yi waƙa, ƙafa ta ƙi. Ranar 22 ga watan ya rasu. Metallica ɗin da ka ce su ne na ƙarshe a kwalinka suna cikin waɗanda suka hau dandali ranar don girmama su, su ma duk furfura.

ƊiyarAder:

Sannunku. Baba, mun gode da wanga labari, Allah ya ƙara lafiya. Ni daga Tawa nike rubutu, kuma tambaya ta biyu ce ta tsayar da ni, don yaya Mai Walda ka taɓo ɗan jiharmu.

Yaronka ya fi ka gaskiya, ka yi haƙuri. Kai ma ba ka yi ƙarya ba da ka ce kiɗan biki ne, don a biki ya koyi aikinsa. Amma mi ya sa kiɗan biki ba zai zama rok ba? Mdou can wajen Abalak da Cintabaradan ya taso, gidansu ba a son kiɗa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, katako da wayar birkin keke. Dubi labarin da Baba ya ba ka na mutumin Birmingham, ka dubi wanga. Shi ma bahago ne, kamar Iommi, kamar Hendrix. Abdallah Oumbadougou, babban mai jitar Abzinawa, ya gani yana wasa ya ce shi ma sai ya yi, Allah ya jiƙan Abdallah, ya rasu a farkon 2020.

Faifansa na farko a Sakkwato anka ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ina ƙarama lokacin, amma na tuna yadda yayyena ke tura wa juna waƙoƙinsa ta Bluetooth a fada, ba wanda ya san fuskarsa. Ta cikin telefon ɗin mutane wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci muryarsa ya zo nemansa. In wancan faifai kaɗai ka sani, to dole ka ce ba rok ba ne. Ka nemi na 2021, Afrique Victime, ka saurari waƙar da anka sa wa faifan sunanta har ƙarshe. A hankali take farawa, kamar raƙumi ya miƙe, sannan mai ganga Souleymane ya dinga ƙara sauri, yana ƙarawa, har jitar ta fara kuka. Sannan ka je ga na 2024, Funeral for Justice, wanda ya fi shi zafi. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa bidiyon Eddie Van Halen, mai jitar rok na Amurka, ya burge shi, kuma za ka ji yadda yake buga tsirkiya da yatsu a kan wuyan jita.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, matasan Amurka da Turai suna cika zaure don su gan shi, mujallun rok na can suna sa shi sahun manyan masu jita na yanzu, mu nan muna cewa ai kiɗan biki ne. Haka munka yi wa Bombino, mai jitar Agadas, sai da anka sa sunansa takarar Grammy da faifansa na 2018, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Shi kuwa ya ce Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits ya zauna yana kallo yana koyo. Wato kaset irin na kwalinka su sunka shigo hamada, anka ji su, anka mai da su namu. Ko su Robert Plant na Led Zeppelin sai da ya taka har Essakane a Mali a 2003 ya yi wasa a bikin hamada.

Kuma kada a manta da mata. Fatou Seidi Ghali ta Illighadad, ƙauye ne a jihar nan tamu, a ɓoye ta koyi jita da ta yayanta. Nasu kiɗan ba shi da ƙara, daga tende ya fito, ba zan ce maka metal ba ne, wato rok mai nauyi irin na Black Sabbath. Amma yadda suke maimaita jimla ɗaya har ta kama ka, shi ne dai abin da kake so a Black Sabbath. A nan Yamai gare ku kuna da Tal National, ga saurin ganga ga jita mai kaifi, kusa da kai suke ba sai ka tsallaka teku ba.

Gamkale_Amfili:

Yaya, ni gyaran rediyo da amfili nake yi, ina kuma taɓa jita. Bari in ba ka sunaye, amma da tsari, don in ka faɗa kan masu gurnani irin su Slipknot kai tsaye za ka gudu.

Fara da Rage Against the Machine, faifansu na 1992, shekara ɗaya tak bayan inda ka tsaya. Jimlolin jitar irin na Led Zeppelin ne da Sabbath, masu kauri, ana jin kowane kaya daban. Mai jitar, Tom Morello, mahaifinsa ɗan Kenya ne. Daga nan ka je Sepultura na Brazil, faifan 1996, inda suka shigo da gangunan gargajiya har suka je wajen ƙabilar Xavante suka ɗauki sauti tare. Akwai gurnani a ciki, amma ganga za ta riƙe ka. System of a Down na 2001, ƴan asalin Armeniya ne, mawaƙin yana da murya ta gaske, wani lokaci har karin ya yi kama da na Gabas.

Wanda na fi so in ka ji shi ne Gojira. Faransawa ne, wa da ƙane ne a jita da ganga, kuma su ne suka yi wasa a jikin tsohon ginin nan na bakin kogi ranar buɗe gasar Olamfik ta Paris, 26 ga Yulin 2024. Yawancin waƙoƙinsu a kan teku ne da daji da ɓarnar da mutum ke yi wa ƙasa. In guduma kake nema, ƙanen nan Mario shi ne guduma. A nan zan ɗan saɓa da Baba, da girmamawa. Gaskiya ne ana gyara da kwamfuta, amma ku kalle shi a dandali, Baba, da ƙafa biyu yake taka ganga kuma ba ya kuskure. Gumi ne da horo na shekaru.

Gurnanin ma yaya, ka daina neman kalma a cikinsa. Ka ɗauke shi a matsayin wani kayan kiɗa. Ƙarar jitar da kake so ai ita ma lalacewar sauti ce: ana tura wa amfili abin da ya fi ƙarfinsa, sai kan sautin ya yanke ya fito da kaushi. Da can injiniyoyi gudun abin suke yi, makaɗa suka ce shi muke so. Mawaƙin abin da ake yi wa amfili yake yi wa maƙogwaronsa. Kunnenmu ma ya saba da kaushi, dubi goge, dubi algaita.

Kuma akwai na kusa. A Lome akwai Arka'n Asrafokor, metal suke yi da harshen Ewe da gangunansu na gida, faifansu na farko ya fito a 2019. A Botsuwana akwai Overthrust da Skinflint. Kawo kart ɗinka Gamkale in zuba maka, kyauta.

AbuHafsa_Lazare:

Ƴan'uwa ku gafarce ni, ni ma na saurari irin wannan da ƙuruciya, amma na bari. Hotunan ƙoƙon kai da ƙaho da wuta da suke sawa a bangon faifai, da sunayen da suke ɗauka, zuciyata ba ta kwanta da su ba. A Norway a farkon shekarun 1990 wasu masu wannan kiɗa har coci-coci suka ƙona, wannan ba ƙage ba ne. Ɗan'uwa Mai Walda, tunda ka ce ba ka jin Ingilishi, ka nemi wanda zai fassara maka abin da kake sawa a rumfa, ga yara suna koyon aiki a gabanka. Shawara ce kawai.

MaiWalda_Bukoki:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Malam Abu Hafsa, maganarka ta shige ni, kuma ban ɗauke ta da zafi ba. Na taɓa sa wani ɗan jami'a da ke kawo mini gyaran ƙofa ya fassara mini wasu. Ɗaya daga waɗanda na fi so a Black Sabbath ashe zagin manyan da ke tura ƴaƴan talakawa yaƙi suke yi, su suna zaune a gida. Wata ta Metallica a kan yadda ƙwaya ke mai da mutum bawa ce. Akwai kuma kaset ɗaya da ya fassara mini na ji ban so ba, na cire shi daga kwalin. Lokacin salla rediyo a kashe take, yarana sun san wannan. Sababbin da ƙanena na Gamkale zai ba ni, su ma sai an fassara mini kafin su shiga rumfa.

Baba, labarin yatsun nan ban taɓa ji ba. Na karanta shi da safe, na zauna a kan benci na kasa kunna inji. Ni ma a 2009 falle ya cire mini kan ɗan yatsa na hagu, har yau in sanyi ya shigo sai ya dinga zugi. Shekara talatin ina jin mutumin nan ban san da wane hannu yake kaɗa mini ba. Na karanta wa yarana, ƙaramin cikinsu ya ɗauko murfin robar kwalba yana gwadawa a yatsa. Da kawu yana da rai da ya ji daɗin wannan labari, don yakan ce kiɗan nan na masu aiki da hannu ne, ba tare da ya san tarihin kowa ba.

Ƙanwata ta Tawa, na bi maganarki. Jiya bayan isha'i na sa yaron ya nemo mini waƙar, na sa abin kunne na ji ta sau uku. A karo na farko ina ta jiran inda za ta zama kiɗan bikin da na sani. A na biyu, wajen da gangar ta fara gudu, tsigar jikina ta tashi kamar daren nan na hanyar Doso. Na janye rabin maganata. Rabin da na riƙe shi ne, har yanzu ina jin takamba a ƙarƙashinta, ina jin tafin mata, abin da babu shi a kaset ko ɗaya na kwalin. In an ce rok ne na yarda, amma kada sunan ya haɗiye wancan.

Gojira na gwada waƙa ɗaya da rana. Gangar ta kama ni nan take, muryar ce har yanzu muke kokawa. Zan ba ta mako biyu kamar yadda nake ba sabon yaro a rumfa. Ƙanena, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan shigo Gamkale da kart ɗin. Zan taho da rediyon kawu ma, mai cin kaset, robar da ke juya ta ta saki, ka duba mini ko za ta tashi.